Gardamar awon ƙugu a ƙasar Japon

A ƙasar Japon, tun watan Afrilu na 2008, ana kiran masu shekara 40 zuwa 74 awon lafiya kowace shekara, a ɗora musu zaren awo daidai cibiya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitoci takwas suka tsaida a 2005 ita ce santimetir 85 ga namiji, 90 ga mace. Wanda ya kai haka, kuma aka same shi da biyu cikin ukun nan, wato hawan jini, yawan sukari da ɓacin kitsen jini, ana lissafa shi cikin masu haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hujjarsu ita ce hoton na'ura ya gwada cewa a wannan awo ne faɗin kitsen da ke naɗe da hanji yake kai santimetir murabba'i 100. Mata kuwa kitsensu ya fi taruwa ƙarƙashin fata, shi ya sa aka sassauta musu.

Amma ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon sukari ta yanke wa mutanen Asiya 90 ga maza, 80 ga mata. Nan gizo ke saƙa: mace mai santimetir 85, ga hawan jini ga sukari, ma'aunin ƙasarta yana iya tsallake ta, alhali cutar tana nan tana cin ta.