Wasiƙa ga Masu Busa na Garwa

Ƙannena da 'ya'yana,

Yabonku tukuna, don kun cancanta. Yatsunku sun fi namu sauri, kuma kun riƙe saksofon da tarampet a zamanin da fiyano guda ke korar mabusa daga gidajen biki. Allah ya yi muku albarka.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne yadda kuke yi idan ku biyu kuka hau dandali. Mai saksofon bai ajiye numfashi ba, mai tarampet ya cusa bakin ƙahonsa cikin makirufo ya danne shi. Wancan ya ji haushi, ya rama. Wa ya koya muku haka?

Ku nemi faifan Bird and Diz ku saurara. A watan Yuni na 1950 aka ɗauke shi a birnin New York, Charlie Parker a saksofon, Dizzy Gillespie a tarampet, Thelonious Monk a fiyano, Buddy Rich a ganguna. Kowanne a cikin mabusan nan biyu zai iya cika fage shi kaɗai. Amma ku ji farkon Bloomdido, yadda suka tashi tare har kunne ya kasa raba su. Ku ji Leap Frog, duk gudun da ake yi: wannan ya faɗi tasa a taƙaice, wancan ya karɓa daga daidai inda aka tsaya. Sai ka saurari abokinka kafin ka iya ba shi amsa irin wannan.

Ba ma sai an je Amurka ba. Ku tsaya a ƙofar fadar Lamiɗo ranar Sallah. Kakaki muryoyinsa kaɗan ne, mai shi kuwa ya san lokacin da zai ɗaga shi da lokacin da zai sauke. Mai algaita, da kumatunsa a kumbure kamar na Gillespie, numfashinsa ba ya yankewa, duk da haka bai taɓa shiga gonar kakaki ba. A hannun irin waɗannan dattawa muka koyi kunya. Yaro kan daɗe yana ɗaukar wa maigidansa kaya, yana kasa kunne, kafin a ce masa ya busa. Yau wanda ko saita muryar ƙahonsa da ta abokinsa bai yi ba, shi ne ke neman a ƙara masa lasifika. Rashin tarbiyya ne, kuma kunnen jama'a kuke cuta.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi kaifi, ƙauna ce ta kawo shi. Kusan dukanku kuna busa Soul Makossa na marigayi Manu Dibango. Ku koma ku ji irin sararin da yake bar wa makaɗansa. Sannan kafin bikin da ke tafe, kowa ya kira abokin busarsa, ku zauna ba makirufo, ku yanke wanda zai fara da wanda zai karɓa.

Wassalam,
naku, tsohon mabushi.