Wa Zai Ɗauki Asarar Jiran Hadari?

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito a Yawuri ko Wara cikin damina ya san wannan rigimar. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, matuƙi ya dubi sama ya ce a dakata. Nan take sai surutu ya tashi. Mai buhunan shinkafa yana tsoron kasuwa ta watse, 'yan biki suna cewa za a ɗaura aure ba su, wani kuma ya ce, "Haba Malam, ai kafin ya sauko mun ƙetare." In matuƙin ya dage, jirgin da ke gefensa ne zai kwashe fasinjojin. Shi kuwa ya koma gida ba ko sisi, ga bashin mai, ga mai jirgi yana jiran balas da yamma.

Idan jirgi ya kife, abin da muke ji shi ne lodi ya yi yawa, jirgin ya tsufa, an yi tafiyar dare. Duk gaskiya ne. Amma jirgin da aka yi wa lodin ganganci yakan yi ta ƙetarewa lafiya muddin ruwa na kwance. Ranar da iska ta same shi a tsakiya ce ake kuka.

Haka ta faru da Joola, jirgin gwamnatin Senegal da ke bin gaɓar teku daga Ziguinchor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutum ɗari biyar da 'yan kai, amma ya saba ɗaukar fiye da haka. Daren 26 ga Satumba, 2002, iska mai ƙarfi ta tare shi daura da Gambiya, ya kife cikin 'yan mintuna. Hukuma ta ƙirga mamata 1,863. Mutum 64 kacal suka tsira.

Ni a ganina, wa'azin "sauri kan haifi nawa" ba zai gyara komai ba, tunda ba ya ciyar da iyalin matuƙi. Matuƙar shi kaɗai ne zai yanke shawarar jira, kuma shi kaɗai zai ɗauki asararta, to zai ta da inji.

Turawan Ingila sun sha wannan gardamar tun da daɗewa. A Oktoba 1859 guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Wales, mutum sama da 400 suka halaka. Wannan ne ya sa Robert FitzRoy, wanda a baya ya ja jirgin da ya zaga duniya da Charles Darwin, ya fara aika gargaɗi ta wayar tangaraho a 1861. Saƙo na isa tashar jiragen ruwa, sai a ɗaga alama a kan dogon sanda, kowa ya gani. Masu jiragen kamun kifi suka yi ta ƙorafi cewa ma'aikatansu na zaman banza a bakin ruwa, masana kuma suka ce hasashen ba shi da tabbas. Aka dakatar da gargaɗin a 1866. Ba a je ko'ina ba, matuƙa da masunta, wato masu sa ransu a ruwan, suka matsa, aka dawo da shi a 1867.

Mu ma muna da kayan aikin. NiMet na fitar da hasashen yanayi, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA mai hedkwata a Lokoja ta hana tafiyar dare, kuma mashigai da yawa suna da Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan fito da ake jin maganarsa. Abin da ya rage shi ne hasashen ya riƙa isa wayar wannan dattijon da Hausa ko Nufanci, kuma a ba shi ikon ɗaga jar tuta. Tuta na sama, babu jirgin da zai motsa, kowa ya riƙe layinsa da fasinjojinsa. Wanda ya saɓa, ƙungiya ta hana shi lodi na mako guda.

Sai kuma wurin zama. Mace mai goyo da ruwa ke duka a fili ba za ta yarda da jira ba, kuma ban ga laifinta ba. Ƙaramar hukumar da ke karɓar kuɗin shiga a mashigi ta gina rumfar kwano, ta sa benci da makewayi da wurin sallah. Kuɗin wannan bai kai na motar shugabanta ba.