Masu Rera Mantara A Makoki, Da Matan Birindaban

'Yan'uwana mata, wadda duk ta saba kallon fim ɗin Indiya ta san farin mayafin nan da mace kan yafa ran da mijinta ya mutu. Yau ina so mu leƙa abin da ake rerawa a irin wannan gida, domin tun bayan annobar korona malaman yoga na Turai da Amurka sun mai da shi haja, suna tallarsa a intanet wai maganin baƙin cikin rashi ne.

Ana ce masa mantara, watau 'yan kalmomin ibada na harshen Sanskirit da mabiya addinin Hindu ke nanatawa da murya mai ja, suna ƙirgawa da carbi mai ƙwaya 108. A yawancin gidajensu zaman makoki kwana 13 ne. Babban ɗa namiji shi ke kunna wutar ƙona gawa, dangi kuwa su taru ana karatu ana rerawa. A watan Afrilu da na Mayu na 2021, lokacin da korona ta yi ta'adi a Delhi, wannan tsari ya watse. An ƙona gawawwaki cikin gaggawa, wasu iyalai sai ta waya suka haɗu suka yi addu'o'insu.

To, shin rerawar tana da wani amfani ga jiki? Akwai ɗan abin kamawa. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya gwada mutum 23. Ya ga cewa idan suna nanata mantara, ko addu'ar carbi ta 'yan Katolika, numfashinsu kan sauko zuwa kamar sau 6 a minti, bugun zuciya kuma ya daidaita. Wadda ta taɓa kwana tana kuka ta san yadda ƙirji ke cushewa, saboda haka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma fa a lura: mutanen nan lafiyarsu lau, ba masu makoki ba ne. Kuma sirrin a jan numfashi yake, ba a kalmomin ba, tun da addu'o'in addini biyu sun ba da sakamako iri guda. Masu talla ba su cika faɗin wannan ba.

Wanda ke son ganin iyakar rerawa sai ya je Birindaban, wani gari a jihar Uttar Pradesh, kamar kilomita 150 daga Delhi, inda Hindu suka ce abin bautarsu Krishna ya yi ƙuruciya. Dubban matan da mazansu suka mutu sun ƙare a can, da yawa daga yankin Bengal. Wata dangin miji ne suka kore ta don gado, wata kuwa ɗan da ta haifa ne ya gaji da ciyar da ita. Shekara da shekaru tsofaffin nan kan zauna a ɗakunan ibada safe da yamma, suna rerawa sa'o'i, a sallame su da 'yan rufi kaɗan da awon shinkafa. Ba mai rerawa a duniya kamarsu, amma ba wanda zai ce sun warke.

Abin da ya ɗan gyara rayuwarsu daban ne. A 2012 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ba da umurni a kula da abincinsu da maganinsu, a kuma yi musu jana'iza ta mutunci. Wata ƙungiya, Sulabh International, ta shiga ba su kuɗin wata. A 2013 suka fito suka yi bikin Holi na watsa launi, abin da al'ada ta hana su. A 2018 gwamnati ta buɗe gidan Krishna Kutir mai ɗaukar mata 1,000.

Akwai kuma baƙin cikin da ya wuce na al'ada. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka: mace ta haura wata 6 tana nan kamar ranar farko, ba ci, ba barci, ba kula da yara. Irin wannan, ko a Indiya take ko a gidan maƙwabta, likita ya kamata a kai ta, kuma wata ta raka ta.