Waƙar "Losing My Religion" da Masu Yanke Hukunci Daga Suna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, akwai masu cewa waƙar nan ta Amurka mai suna "Losing My Religion" an tsara ta ne domin kiran mutane zuwa ga ridda. Hujjarsu ɗaya ce tak: sun fassara sunan kalma da kalma, suka ga yana nufin rasa addini, sai suka yanke hukunci.

Ƙungiyar mawaƙa ta R.E.M., wadda aka kafa a 1980 a garin Athens na jihar Jojiya, ita ta fitar da waƙar a 1991 cikin kundinta Out of Time. Ta kai matsayi na 4 a jadawalin Billboard, ta kuma ci lambar Grammy a 1992. Michael Stipe, wanda ya rubuta baitocin, ya bayyana cewa sunan salon magana ne na jihohin kudancin ƙasarsu, ma'anarsa haƙurin mutum ya ƙare, kuma waƙar tana magana ne a kan wanda so ya cinye shi bai sami karɓuwa ba. Misalin masu waccan fassara kamar baƙon da ya ji Bahaushe ya ce wane ya yanke jiki ya faɗi, sai ya tafi neman wuƙa.

Ba kariya nake ba wa kiɗa ba, domin jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa. Sai dai Allah Ya umarce mu da tantance labari a Suratul Hujurat, aya ta 6, Ya kuma hana ƙiyayya ta kai mu ga rashin adalci a Suratul Ma'ida, aya ta 8. Matashin da ya bincika ya tarar mai wa'azi ya faɗi abin da ba haka ba, gobe ko gaskiya aka gaya masa ba zai karɓa ba.

In gargaɗi za a yi, a yi shi a kan ainihin abin da waƙar ta ƙunsa, wato zuciyar da son wani mahaluki ya bautar da ita. Wannan ciwo Ibnul Ƙayyim ya yi bayaninsa da maganinsa a littafinsa Adda'u wad Dawa'u, ina kuma kwaɗaitar da ku ku neme shi ku karanta.

Allah Ya sa mu faɗi gaskiya ko a kan wanda muke ƙi. Wallahu a'alam.