NAZARI: Bayanan lafiyar Jigawa na cikin buɗaɗɗen rumbu, amma makullin yana hannun wa?

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan ƙananan asibitocin Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu sukan zauna da manyan littattafan rajista su ƙirga matan da suka zo awon ciki, yaran da aka yi wa rigakafi da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. Sukan cike takardar taƙaitawa ta wata, a kai wa jami'in tattara alƙaluma na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da ita cikin wata manhaja mai suna DHIS2. Da waɗannan alƙaluma ake lissafin maganin da za a aiko da allurar da za a raba a ƙananan hukumomi 27 na jihar.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan manhaja ba sayen ta aka yi ba. Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce ke jagorantar gina ta, kuma buɗaɗɗiya ce: rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa na iya saukewa, ya karanta, ya gyara, ba tare da biyan lasisi ba. Rumbun da take zuba bayananta a ciki, PostgreSQL, shi ma haka yake, kuma asalinsa wani bincike ne da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986. SORMAS, manhajar da hukumar NCDC ke bin sawun annoba da ita, wadda aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014, ita ma buɗaɗɗiya ce. Wato dai Jigawa ta daɗe tana cin moriyar irin wannan fasaha.

Hujjar farko da masu goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja ke kafawa ita ce kuɗi, kuma tana da nauyi. Manyan rumbunan kasuwanci irin na Oracle da Microsoft da dala ake lissafin lasisinsu, ana kuma biyan kuɗin kulawa duk shekara. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ma'aikatar da ta ɗaure kanta da irin wannan lasisi ta wayi gari kuɗin da za ta biya ya ninka har sau uku, alhali ba a ƙara mata komai ba.

Hujja ta biyu ta fi ta kuɗi zurfi, kuma 'yan Najeriya sun ga zahirinta. Ɗaya daga cikin dalilan yajin aikin wata takwas da ASUU ta yi a 2022 shi ne takaddama kan tsarin biyan albashi na IPPIS, inda malaman suka kawo nasu mai suna UTAS. Hukumar NITDA, wadda ɗan Haɗeja Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta tun 2019, ita aka ɗora wa gwada shi, aka yi ta musayar kalamai kan sakamakon. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse na cikin waɗanda suka zauna a gida. Rigimar ta albashi ce a fuska, amma a ƙasanta tambayar ita ce wa ke da ikon leƙa cikin manhajar da ke riƙe da haƙƙin mutane.

Sai dai kyautar lasisi ba ita ce mallaka ba. Rumbun PostgreSQL yana buƙatar kwamfutar da zai zauna a kai, da wutar da ba ta yankewa, da wanda zai riƙa ajiye kwafin bayanan kullum, ya toshe kafar da masu kutse za su bi, ya kuma tayar da shi idan ya faɗi da tsakar dare. Kaso mai yawa na horo da tallafin fasaha a harkar bayanan lafiya a Najeriya ya daɗe yana fitowa daga masu ba da agaji na waje. Da Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka ranar 20 ga Janairun 2025, har shirin DHS, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar nauyin babban binciken lafiyar iyali a ƙasashe da dama ciki har da Najeriya, sai da aka yanke masa kuɗi. Wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ranar da aka rufe ƙofa zai san ba tasa ba ce.

Kuma ba kowace buɗaɗɗiyar manhaja ce ke zama a buɗe har abada ba. MongoDB ya sauya lasisinsa a 2018, Redis ya bi sahu a Maris ɗin 2024, sai dai da yake tsohon rubutun yana hannun jama'a, masu gina manhaja suka ɗauke shi suka ci gaba da shi da sunan Valkey. Irin wannan kuɓuta sai mai hannun da ya iya aikin.

A nan ne tarihin Jigawa ke da abin cewa. Tun a zamanin Gwamna Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta riga takwarorinta shiga wannan fage: aka kafa kamfanin Galaxy don shimfiɗa intanet, aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar Informatics ta Singafo. A 2011 Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a cikin garin. Matasan da suka iya Linux, Git da Python ba su yi ƙaranci ba. Matsalar ita ce tsarin albashin gwamnati bai san darajar mai kula da rumbun bayanai ba, don haka wanda ya ƙware yakan nufi Kano ko Abuja, ko ya zauna a ɗakinsa yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyan sa da dala. Sayen kwamfutoci yana da bikin yanke kyalle. Riƙe ma'aikaci guda biyar ƙwararru ba shi da hoto, shi ya sa ba ya burge 'yan siyasa.

Gwamnatin Umar Namadi da majalisar dokokin jihar ba sa buƙatar sabon gini kafin su taɓa wannan lamari. Hukumar tantance kwangiloli ta jiha na iya sanya sharaɗi cewa duk manhajar da aka gina da kuɗin jama'a, ta haraji ce, ta filaye ko ta albashi, dole ɗan kwangila ya miƙa rubutunta na asali da kalmomin sirrinta, ya ajiye bayanan a sigar da wani zai iya ɗauka ya ci gaba, ya kuma horar da ma'aikatan jiha kafin a biya shi kason ƙarshe. Indiya ta kafa manufar fifita buɗaɗɗiyar manhaja a ayyukan gwamnati tun 2015, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutum a kan hukumar da ta tattara su, ko da wani ta ɗauka haya ya ajiye mata. Idan sunayen marasa lafiya ko lambobin asusun ma'aikata suka fita daga rumbun da ɗan kwangila kaɗai ya san makullinsa, ma'aikatar da ke Dutse za a fara tuhuma.