Neman cutar numfashi a ruwan kwata: gaskiya ne, kuma ba leƙen asiri ba ne?

Tambaya:

Mun ji cewa yanzu ana ɗiban ruwan kwata a gwada, a gane ko korona ko mura ta shigo gari. Shin hakan na yiwuwa? Kuma ba bin diddigin sirrin mutane ba ne?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: Yana yiwuwa. Wanda ya kamu da korona yakan fitar da ɓurɓushin ƙwayar cutar a bayan gida, ko da bai fara jin ciwo ba. Idan aka ɗebi ruwan magudanar da unguwanni ke zubawa aka gwada, sai a ga ko cutar ƙaruwa take ko raguwa, ba a zura wa kowa tsinke a hanci ba, ba a ɗebi jinin kowa ba. A Maris ɗin 2020 an gano korona a ruwan garin Amersfoort na ƙasar Holan kafin a tabbatar da ko mutum ɗaya mai ita a garin. Amurka ta kafa tsarinta na ƙasa a Satumbar 2020, daga baya ta haɗa da mura.

Na biyu: Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 2011 ake ɗiban ruwan magudanai a Kano don neman cutar shan inna. Bambancin shi ne, yawancin gidajenmu masai suke amfani da shi, don haka abin da kwata ta nuna ba ya wakiltar kowa, kuma ruwan damina yana tsarma shi.

Na uku: Ruwan da aka ɗiba na dubban mutane ne a gauraye, ba ya nuna suna ko gida, don haka bai shiga tajassusin da aka hana ba. Inda za a yi hattara shi ne idan aka taƙaita gwajin ga gida ɗaya ko makaranta ɗaya, har a tozarta mazauna wurin. Haƙƙin jama'a ne hukuma ta bayyana musu abin da take nema da abin da ta gano, domin ɓoye bayani ke haifar da zargi. Mun ga yadda zargi ya tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har ƙasashen waje.

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya daga hanyar Sham ne saboda labarin annoba ya riske shi kafin ya isa. Amfanin wannan gwaji ke nan: labari ya zo da wuri, a kare tsofaffi da jarirai tun asibitoci ba su cika ba.

Allah ne Mafi sani.