"A Yi Haƙuri" Ba Diyya Ba Ce

Babu kalmar da ake zalunta a asibitocinmu kamar haƙuri. Na'urar ɗumama tsoka ta ƙona cinyar tsohuwa, a ce a yi haƙuri. A murɗa gwiwar da ɗorinta bai gama kamawa ba, a ce ƙaddara ce. Mai jinya ya koma gida da sabon ciwo, ga kuɗin magani a kansa, likitan gashin ƙashi kuwa ya kira na gaba a layi.

Wannan shiru ba ladabi ba ne, rashin sanin haƙƙi ne. Tun 1988 dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar MRTB, wadda ke yi wa likitocin gashin ƙashi rajista a Nijeriya, tana da ikon binciken ƙorafi da ladabtar da mai laifi, har ta kai ga soke sunansa. A 2018 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya tabbatar musu da 'yancin kai kuka. To, cikin masu zaman jira a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, ko a ɗakunan gashi masu zaman kansu, mutum nawa aka taɓa karanta wa waɗannan dokoki da Hausa?

Wasu ma'aikata na ɗaukar ƙorafi tamkar cin mutunci. Sun yi kuskure. Wanda ya rubuta abin da ya yi wa mai jinya rana-rana, ya nemi yardarsa kafin ya taɓa shi, takardunsa ne za su wanke shi a gaban hukuma. Mai ɓoye-ɓoye ne kaɗai bincike ke firgitawa.

Sai batun inshorar da ke biyan diyya idan ma'aikaci ya yi kuskure a bakin aiki. Dokar inshorar lafiya ta 1999 ta wajabta ta a kan masu ba da magani a ƙarƙashin shirin, Faransa kuma ta ɗora ta a kan masu zaman kansu tun 2002. Hikimarta a fili take: albashin mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinyar wanda ya nakasa, asusun da mutane da yawa suka tara kuwa yana ɗauka. Mai cewa addini ne ya hana shi, hujjarsa ta raunana, domin tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful.

Abin da muke nema kaɗan ne. A liƙa lasisi da shaidar inshora a bango. A rubuta hanyar kai ƙorafi da Hausa, da boko da ajami. Bayan an biya mai rauni haƙƙinsa, sannan a ba shi haƙuri.